Wutar da Yaya Haliru Ya Gani Cikin Galura

Shekara talatin da bakwai ke nan da aka kai yayana, Malam Haliru, makwancinsa a Gummi. Yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, don ya tafi bai cika arba'in ba, ni kuwa ga ni da furfura da jikoki. Duk da haka in zan ambace shi sai bakina ya ce Yaya. A shekarun farko, duk lokacin da watan rasuwarsa ya zagayo sai in rasa abin da ke mini daɗi. Yanzu abin ya sauya. In na tuna shi, ajiyar zuciya nake yi, irin ta wanda ya tsallake wani abu da ƙyar, ya waiwaya ya ga ashe ya tsallake ɗin.

Abin da ya tayar mini da zancensa bana jikata ce, wadda ke karatun kimiyya a jami'a. Ta ɗauki wayata tana gyara mini wani abu da na dagula, sai ta ce wai ko na san hasken fuskar wasu wayoyin daga wasu sinadarai yake fitowa, 'yan uwan rini, da ake shimfiɗawa siriri a bayan gilashi. Ta ƙara da cewa har ana gwada faifan sola da rini a ciki. Na yi dariya har ta tsargu, ta zaci ban yarda ba ne. Na yarda mana. A gidanmu an taɓa yin tashin hankali a kan wannan magana tun ba a haifi uwarta ba.

A farkon shekarun tamanin, muna cikin Jihar Sakkwato, Yaya Haliru yana koyar da fiziks a wata sakandare a Anka. Dogo ne, siriri, mai mantuwar takalmi a masallaci. Ni ina koyarwa a firamare a Gummi, gidan aurena kuma ba nisa da gidanmu. Mahaifiyarmu, Inna, sana'arta saƙar tabarma da faifai. Ita ke rina kabarta da kanta, da galura, wato garin rinin nan na kanti da 'yan koli ke sayarwa a ƙulle cikin takarda, akwai ja, akwai kore, akwai shuɗi. Ba baban marina ba ne, a masana'anta ake haɗa shi. Tana da wata tsohuwar tukunya da ba a dafa komai a ciki sai kaba, kuma ban taɓa sanin tafin hannun Inna da launi ɗaya ba.

Wannan galura ce ta shiga ran Yaya. Ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma da yake shi malami ne na gaske, har yau bayanin bai fita kaina ba. Ya ce abubuwan duniya, wajen lantarki, hali uku gare su. Akwai irin jan ƙarfe, da ke sakar wa lantarki hanya ya wuce abinsa. Akwai irin roba, da ke tare hanyar gaba ɗaya. Sai na tsakani, masu buɗe ƙofa kaɗan, kuma yawan buɗewar ya danganta da zafi ko hasken da ya same su. Da irin waɗannan na tsakani ake yin 'yan ƙananan abubuwan da ke sa rediyo magana. A jami'a ya karanta cewa wasu rinin masana'anta ma haka halinsu yake, shi kuwa ya rantse sai ya gani da idonsa, kuma da galurar gidansu.

Yadda yake yi shi ne ya narka galura cikin sipirit, ruwan nan na asibiti mai saurin bushewa, ya ɗiga a kan ɗan gilashi, ya bari ta bushe ƙayau. Sai ya manna takardar azurfa ta kwalin sigari a gefe da gefe, ya bar ɗan siririn tsakani, ya jona da waya. Batiran tocila yake jerawa cikin gora, kai da gindi, ya haɗa da wasu 'yan kayan da ya ciro daga matacciyar rediyo don su ƙara wa abin ƙarfi, sannan ma'aunin lantarki mai allura da yake arowa daga makaranta. In ya kifa ƙwarya a kan gilashin, allura sai ta kwanta. In ya ɗaga ƙwaryar rana ta doki galurar, sai allura ta ɗan gusa. In gilashin ya ɗauki zafi sai ta ƙara gusawa, alhali jan ƙarfe in ya yi zafi ƙara tauye lantarki yake yi. Kowane launi kuma da nasa hali. Da damina ba ya taɓa aikin, don ya ce laima maƙaryaciya ce, takan sa allura rawa ba don galurar ba. Shi ya sa hutun bazara ya zama lokacin ɓarnar galurar Inna.

A nan sai na yi wa masu karatu na yanzu wani bayani. Yaya Haliru ɗan fari ne, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka riƙe ta a zamaninsu. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. In za ta ambace shi sai ta ce wancan. In tana son ya ji magana sai ta faɗa wa iska, ko ta faɗa mini ni da ke tsakani. Ba rashin so ba ne, duk gidan mun san wanda ake ɓoye wa tsokar kaza.

To, ranar da hutunsa zai ƙare, Inna ta buɗe gwangwaninta ta tarar koren ya kusa ƙarewa. Ta dubi bango ta ce, "Wai mi aka yi da galurata haka?"

Yaya yana duƙe kan gilashinsa, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Inna, ai galurarki tana ɗaukar wuta. In rana ta doke ta, ko ta ji zahi, sai wutar ta ƙaru."

Washegari ya hau babur ɗinsa ya koma Anka. A lokacin unguwarmu ba ta san lantarki ba. Wuta ɗaya muka sani, wadda ke murhu, wadda kuma in ta kufce da bazara take lashe jinka da danga kafin a kawo tulu. Da wata uwar ce da ta ce, kai, wace irin wuta? Da magana ta ƙare nan take. Inna ba ta da wannan damar. Ta haɗiye maganar yadda ta ji ta, ta shiga janye tabarmi daga rana tana jibgewa a inuwa.

Inna tana da ƙawa guda da ta fi 'yar uwa, Bafulatana mai suna Dudu, rugarsu tana wajen Bukkuyum. Tun suna 'yan mata suka ƙulla, lokacin da Dudu ke biyo uwarta tallan nono. Duk ranar kasuwa a gidanmu take sauke ƙwarya, su zauna suna tsokanar juna, Inna na ce mata mai bin saniya, ita tana ce wa Inna mai hannun hawainiya. A shekarar nan Inna ta saƙa mata wata tabarma ta musamman, ta zuba mata galura ba tausayi, har sai da na yi ƙorafin ni ba a taɓa yi mini irinta ba.

Ba a daɗe da komawar Yaya ba labari ya iso cewa an yi gobara a rugar su Dudu, bukkarta ta ƙone ƙurmus da ƙoranta da suturarta. Ba wanda ya ji ciwo. Inna ta saurari mai ba da labarin har ya gama, tambaya ɗaya ta yi masa, da dare ne ko da rana. Ya ce da rana tsaka.

Daga ranar Inna ta zama wata daban. Ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne gwangwanin galura. Ta daina saƙa. In an kai mata tuwo sai a ɗauko shi yadda aka kai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ta tafi jaje ba, ita da ko akuyar maƙwabci ce ta mutu sai ta yafa mayafi. A wurinmu gobara ta ci ɗakin ƙawarki ki kasa takawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce, yanke zumunci ne ba tare da an furta ba. Kasuwa ta ci, ta sake ci, Dudu ma ba ta leƙo ba. Na matsa wa Inna da tambaya har ta gaji.

"Ni naƙ ƙone ma Dudu ɗaki, Kulu," in ji ta. "Tabarmag ga ta. Da wace huska za ni tai mata jaje? Kin ga ita ma ta gane, shi yas sa ba ta zaka ba."

Na ce, "Inna, ba wagga wutar yaka nuhi ba, lantarki yaka nuhi."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kin hi shi karatu?"

Ban fi shi ba, don haka na nemi izinin maigidana na shiga motar kasuwa zuwa Anka. Na tarar da shi ya fito daga aji, alli har a gira. Da na faɗa masa sai ya fashe da dariya, ya riƙe ciki. Da na kai wurin tuwon da ake mayarwa ba a taɓa ba, dariyar ta tsaya kamar an yanke ta da wuƙa. Ranar da aka tashi hutun mako ya ɗaure kwalin kayansa a bayan babur ya nufo gida.

Mai ilimi in ya so gyara kuskure, da ilimin yake farawa. Yaya ya baje kayansa a tsakar gida da hantsi, ya yi bayani mai kyau, yana kallona amma da Inna yake. Ya ce wuta biyu ce, ta murhu daban, ta batir daban, kuma wadda ke bi ta cikin galura ko tururuwa ba za ta ji ta ba. Ya ce ita galurar ba ta haifar da komai, hanya kawai take bayarwa, sai an jona mata batir. Inna tana bakin ƙofarta ta juya mana gefe, amma ina ganin wutsiyar idonta. Sai ya ce bari a gani. Ya ɗaga ƙwarya, rana ta sauka kan gilashi, allura ta gusa a gaban kowa.

Inna ta ce, "To, ga ta nan. Mi yar rage?" Ta shige ɗaki ta saki labule.

Yaya ya tsaya da ƙwarya a hannu yana kallon allurar da ya shekara yana lallashi ta motsa, yau ta motsa ta kashe shi. Can sai ya tattara kayan ya mayar cikin kwali, ya je inda Inna ta jibge tabarmi, ya zaɓo wadda ta fi kowace shan galura. Ya shimfiɗa ta a tsakiyar gida, inda ko inuwar igiyar shanya babu, ya cire hula ya zauna.

"Kulu," ya ce da ƙarfi yadda za a ji a ɗaki, "hwaɗa ma Inna nan nike zaune. Ko tabarmag ga ta kama da ni, ko a tai jaje."

Wanda bai san ranar bazara a Gummi ba, ba zai gane abin da ya ɗauko wa kansa ba. Ƙasa takan yi zafin da kaji ke ɗage ƙafa. Ni na san tabarma ba za ta kama ba, tsorona kada rana ta kayar da shi. Inna kuwa ta yi imani ɗanta yana zaune a kan abin da ya cinye bukkar Dudu, ga shi ba ta iya kiran sunansa, ba ta iya fitowa ta ja hannunsa. Ina ganin labule yana motsi. Ta kira ni ta ce, "Ce ma wancan shi tashi." Na faɗa masa, ya ce a gaishe ta. Ta sake aikena, wannan karon wai in ce ana nemansa a waje. Ya ce mai nemansa ya shigo. Rigarsa ta jiƙe ta manne a baya, koren tabarma ya fara hawa wandonsa. Aka kira azahar, ya sa na kawo masa buta, ya yi alwala a gefe ya dawo ya yi sallarsa a kanta, ya sake zama.

Bai daɗe da sallamewa ba Inna ta fito da mayafinta a kafaɗa. Ba ta dube shi ba. Ta dubi bango ta ce, "In za a tahi, a tashi."

Kada mai karatu ya zaci ta gamsu ne. Ba ta gamsu ba ko kaɗan. Ta zaɓi ta je ta tsaya gaban Dudu da laifin da take ganin ta yi, a kan ta bar shi a kan tabarmar nan. Shi ma ya san da haka, ya kuma san ba shi da wata dabarar da ta wuce wannan.

Da safe ni da Inna muka shiga mota, don ba za ta hau bayan babur ɗinsa ba ko ana ba ta duniya. Shi ya biyo mu a baya yana shan ƙurarmu. Daga bakin hanya muka taka zuwa rugar. Ga da'irar toka inda bukka take a da, ga sabuwa an kafa ba a gama rufewa ba. Dudu ta fito ta tarbe mu, gaisuwa a cike amma fuska ba walwala, irin tarbar da ake yi wa baƙon da ba a saba da shi ba. Inna ta buɗe baki za ta fara abin da ta kwana tana shiryawa, sai Dudu ta ce a bari baƙi su zauna tukuna. Ta shiga bukkar 'yarta ta fito da tabarma a naɗe, ta warware ta a gabanmu.

Ita ce. Ja da kore da shuɗi, ko bakinta bai babbake ba.

Inna ta ce, "Ba ta ƙone ba?"

Dudu ta ce ai ranar tana ɗakin 'yarta, an yi baƙi an ara. Wutar kuwa guguwa ce ta bi ta kan murhu ta watsa garwashi a jikin bukka, ita da kanta tana tsaye ta gani. Sannan ta dubi Inna ta ce, "Ɗaki an sake shi, ƙorai ana sake su. Abin da yad dame ni, kullum ina duban hanya ban gan ki ba."

Sai Inna ta zauna, a kan tabarmar, ta kwashe labari tun daga gwangwanin kore har zaman rana. Dudu tana ji fuskarta na sakewa kaɗan kaɗan. Da aka gama ta juya wajen Yaya, wanda ya rakuɓe can gefe fuska duk ta sale, ta ce, "Kai na malamin? To karatun ga naka, a riƙa rage mai wuta."

Inna ce ta fara dariya. Ta yi har ta kifa kai a cinyar Dudu, har ba a iya bambance dariyar da kuka. Aka dama fura da nono aka miƙo mata, ta shanye ƙwaryar tas ta nemi ƙari. Ni dai na koma bayan wata bukka na zauna. A rayuwata ban taɓa jin sanyi a rai irin na ranar ba.

Da muka dawo ni aka sa na tono gwangwanin. Yaya ya ci gaba da satar galura, Inna ta ci gaba da yi wa bango ƙorafi. Amma ya sauya a wani wuri. Ɗalibansa, da yanzu su ma sun yi furfura, sukan gaya mini ba ya rufe darasi sai ya tambaye su, ba ko sun gane ba, a'a, me suka ji ya ce. Kuma bai ƙara cewa wuta ba in lantarki yake nufi.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Bai gano wani abin da duniya ba ta sani ba, shi da kansa yakan ce wasu sun riga shi da daɗewa, da kayan aikin da ko a mafarki bai taɓa ba. Ya so ya koma jami'a ya zurfafa a kan rini da lantarki, ciwo ya riga shi. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na tabbata da ya ji yara suna tsalle suna murna wai an kawo wuta, da ya nemi wuri ya zauna don dariya. Faifan sola da ke kan rufin gidaje a Gummi zai sa shi hawa tsani da tsufansa. Wayata kuwa ba za ta kwana a haɗe ba, sai ya kwance ta ya ga inda rinin yake. Abin da zai ɓata masa rai tabarmar roba ce da ta kori ta kaba, da hanyar nan ta Anka da ya saba bi shi kaɗai a kan babur, wadda yau ba a hawanta sai da addu'a a baki.

In na auna abin da ya rage nasa, ba gilasan nake gani ba, sun daɗe da fashewa. Ranar rasuwarsa nake gani. Inna ta zauna karɓar gaisuwa ido a bushe, yadda aka san uwar ɗan fari da yi, ana ce mata sai haƙuri tana cewa haƙuri ya zama dole. Mu 'ya'yanta ba mai iya taɓa wannan kunyar, kuma ina kallonta na san in ta ci gaba a haka za ta bi shi. Wajen la'asar sai ga Dudu, ƙafa duk ƙura. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta kama hannun Inna ta tayar da ita, ta kai ta ɗaki, ta kore mu, ta ja ƙofa. Ina tsaye a waje na ji Inna ta saki kuka, cikin kukan kuma na ji ta kira sunansa, karon farko tun da na san kaina.

Da Yaya ya bar ƙawancen nan ya mutu a kan kalma ɗaya, da ranar babu mai jan ƙofar nan. Bai san abin da yake tanadar wa uwarsa ba lokacin da yake zaune a rana. Inna ta ƙara shekaru masu yawa bayansa, tana saƙarta, Dudu na sauke ƙwarya a gidanmu duk ranar kasuwa. Allah ya jiƙansu su uku, ya sa sun huta.